Tsoro da Danginsa a Ƙasar Magariya da Dungas



Ka taɓa lura da abin da tsofaffinmu suke yi idan dare ya yi? Ba su kiran maciji da sunansa. Sai su ce igiya, ko igiyar ƙasa. Ina yaro, na taɓa shigowa gida a guje bayan magariba, ina cewa na ga maciji a gindin rumbu. Kakata ba ta fara tambayata ina ya nufa ba. Bakina ta fara rufewa da hannunta. Ta ce da dare ba a kiransa, in ka kira shi amsawa yake yi.

Sai da na girma na gane wani abu. Shi kansa sunan maciji ba suna ba ne na yanka. Laƙabi ne. Kamar yadda mai noma ya zama manomi, mai ɗinki ya zama maɗinki, haka mai cizo ya zama maciji. Ka ga ke nan tun fil azal kewaye ake yi masa. Haka muke yi wa duk abin da ya fi ƙarfinmu. Aljannu mu ce mutanen ɓoye. Zaki da giwa mu ce manyan dawa. Mutum ya mutu mu ce ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya sa muke wannan kewaye-kewaye shi ne tsoro. Yau a kansa za mu yi hira: kalmar kanta, da danginta, da irin tafiyar da ta yi a ƙasarmu ta Magariya da Dungas tun zamanin kaka da kakanni.

Kalmar kanta

Duba yadda ake rubuta ta: tsoro. Baƙaƙe biyu na farko, t da s, sun haɗu sun ba da sauti ɗaya. In ka manta da t, ka rubuta soro, wato ɗakin ƙasa. In ka sa a a wurin o na farko, ka rubuta tsaro, wato gadi. Wasali ɗaya tak ya raba tsoro da tsaro. Ma'anarsu dabam, amma za ka gani nan gaba tare suke tafiya, kamar jaki da mangala.

Tsoro kalma ce ta gado. Ba mu aro ta wurin Larabawa ba, balle Nasara. Kuma ta hayayyafa a cikin gidanta. Mutum ya tsorata. Wani ya tsoratar da shi. Wanda abin ya zame wa hali shi ne matsoraci, mace matsoraciya, in suna da yawa matsorata. Abin da ke jawo shi kuwa abin ban tsoro.

Dubi kuma yadda muke sarrafa ta a baki. Muna cewa jin tsoro, kamar yadda muke jin yunwa da ƙishirwa da sanyi. Muna cewa tsoro ya kama shi, kamar yadda barci ko zazzaɓi yake kama mutum. Wato a wurin Bahaushe tsoro baƙo ne mai zuwa daga waje ya cafke ka. Shi ya sa ake ce wa yaro ya cire tsoro, kamar ƙaya ce ta shige masa a ƙafa. Kuma jiki duka yana ba da shaida. Gaba ya faɗi. Ciki ya ɗuri ruwa. Hanta ta kaɗa. Tsikar jiki ta tashi. Gwiwa ta yi sanyi. In abin ya kai intaha, ido ya raina fata, sai ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ƴaƴanmu da suka yi lakwal suna cewa per da Faransanci. Wannan kalma ta fito daga Latin, tsohon harshen Rumawa, inda take nufin kaɗuwa da makyarkyata. Waɗanda suka yi ci-rani a Kano ko Legas kuwa sun ji ana cewa fiya da Ingilishi. Ita wannan tana da labari. Shekara dubu da suka wuce, a bakin mutanen Ingila, ba abin da ke cikin zuciya take nufi ba. Tana nufin masifar da ta auko ba zato, kamar farmaki ko kwanton ɓauna. Daga baya ne sunan masifar ya koma sunan abin da mutum yake ji idan ta auko. Ƴar'uwarta a harshen Jamus har yau haɗari take nufi. Riƙe wannan a ranka, don kakanninmu ma sun san irin wannan masifa sarai. Su samame suke ce mata.

Dangi na jini da dangi na aure

Tsoro ba shi kaɗai ba ne a gidan. Yana da dangi, kuma kowa da aikinsa.

Firgita ta farat ɗaya ce. Kana barci, jaki ya yi kuka a bayan danga, ka zabura. Kafin ka gama salati ta wuce. Razana ta fi ta nauyi, tana iya barin mutum kwana da kwanaki bai koma daidai ba. Ɗar-ɗar ita ce ta mai tafiya a hanyar da aka ce an yi fashi jiya. Zullumi na mai kwana yana juyi ne, yana tunanin abin da gobe za ta haifar.

Wadda ta fi burge ni ita ce fargaba. Raba ta biyu ka gani: far da gaba. Far ɗin nan shi ne faɗi, kamar yadda muke cewa ya far masa. Fargaba ke nan faɗuwar gaba ce aka dunƙule ta zama kalma ɗaya. Ita ce ta manomin da ya yi shuka, kwana 15 ba ɗigon ruwa, kullum da safe ya fito ya dubi gabas.

Waɗannan duka dangi ne na jini. Akwai kuma waɗanda suka shigo da Musulunci da malamai da fatake, daga Larabci. Haɗari, ko hatsari, daga can ya zo. Fitina ma haka. Taƙawa, wadda muke fassarawa da tsoron Allah, ita ma haka. Sai shakka. A Larabci ma'anarta kokwanto, kuma mu ma muna cewa ba shakka. Amma da ta zauna a gidan Bahaushe sai ta sami sabon aiki. In ka ce ina shakkar wane, ba kokwanto kake yi a kansa ba. Kana nufin yana da kwarjini, ba ka iya yi masa gardama ido da ido.

A nan ne fa magana take da daɗi, kuma a nan ne baƙo yake ruɗewa. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Matar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba tsoronsa take ji ba. Saurayin da ya tuɓe takalmi ya durƙusa don ya hangi surukinsa, ba dukansa za a yi ba. Wannan kunya ce, kuma ado ce. Amma talakan da ya cire hula ya zube a ƙasa gaban mai bulala, yana ranka ya daɗe, alhali zuciyarsa tana tafasa, wannan ba kunya ba ce, ko da a ido sun yi kama. Masu mulki da yawa sun ga tsoro sun ɗauka ladabi ne. Wasu kuma sun sani sarai, sun ga ya fi musu sauƙi su bar shi haka.

Zamanin hari

Yanzu bari mu koma baya. Dubi inda Allah ya ajiye ƙasarmu. Arewa ga Damagaram. Kudu da yamma ga Daura da Kazaure da Kano. Kudu maso gabas ga Gumel da Haɗeja. Can gabas ga Barno, wadda sarakunan wannan yanki suka daɗe suna kai wa gaisuwa. Ƙasa ce mai albarka, mai fadamu da ruwa kusa, ga Korama ta ratsa ta. Amma mai gona a bakin burtali ba ya rasa ɓarna.

Wajen 1805, mutanen jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Daura. Sarkin Daura na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Bayan yawo, ya zauna a Yekuwa, wadda yau take cikin gundumar Magariya. Zuriyarsa suka kafa sarautu a Zango da Ɓaure, kuma sarautar Magariya ma daga wannan gida na Daura ta samo tushe. Ka ga ke nan da gudun hijira aka aza harsashin wani sashe na ƙasar nan. Dungas da Waca kuwa tsofaffin sarautu ne na Sosebaki, su da Mirya. Sun riga Damagaram kafuwa. Amma a cikin ƙarni na 19 Damagaram ta yi ƙarfi, ta mai da su ƙarƙashinta.

Sarkin da ya kai Damagaram ƙololuwa shi ne Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya yi wajen shekara 30 yana sarauta, har zuwa 1884. Shi ya kewaye birni da babbar ganuwa. Ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a nan gida. Ayarin raƙuma suna zuwa daga Tarabulus suna komawa. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma mai karatu, ka tambayi kanka: da me ake sayen bindiga da doki da alharini? Kaso mai yawa da mutane ake biya. Mutanen nan kuwa ba daga sama suke faɗowa ba. Daga ƙauyuka ake kamo su.

Wani Bature ɗan Ingila, Jems Ricadsan, ya sauka Damagaram a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim. Ya rubuta yadda rundunar sarki ta fita hari a kan garuruwan da ba su da nisa, ta komo tana kore da mata da yara. A cikin waɗannan shekaru ne aka kama wani yaro mai suna Dorugu. Ɗan Dambanas ne, a ƙasar Kance, maƙwabtanmu na yamma. Aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Damagaram, daga nan aka wuce da shi Kukawa ta Barno. Can wani Bajamushe matafiyi ya fanshe shi ya ƴanta shi. Ya bi Bart, wanda ake kira Abdulkarimu, har Tambutu, kuma a 1855 ya tafi da shi Turai. A Ingila Dorugu ya zauna da wani malami mai suna Shon, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausar ƙasar nan. Shon ya fitar da ƙamus na Hausa a 1876, ya kuma buga labarin Dorugu a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912.

Tsaya ka yi tunani a kan wannan. Hausar da Turai ta fara karantawa da yawa, Hausar wani yaro ce ɗan ƙauye daga nan kusa da mu. Kuma labarin da ya ba su, da yunwa da gudu da kamu ya fara. Shi ya tsira har aka san sunansa. Dubbai irinsa sun bi Sahara, ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu.

To, ga inda tsoro ya haifi tsaro. A wancan zamani mutum ba ya gina gida shi kaɗai a tsakiyar gonarsa. Ana taruwa wuri ɗaya. Babban gari ya yi ganuwa da ƙofofi. Ƙaramin gari ya yi kafi, wato a kakkafa itatuwa a kewaye shi, a bar sarƙaƙiya ta yi duhu a bayansa don doki ya kasa ratsawa. Shi ya sa har yau kake jin garuruwa masu suna Birnin kaza ko Kafin kaza, kamar Kafin Hausa a Najeriya da Sabon Kafi a ƙasar Tanut. Gona ba ta nisa da gari. Ana noma, kwari da baka suna rataye. In an ga ƙura ta tashi, ko an ji kuwwa, kowa ya yar da hauya ya nufi ƙofa. Rani ya fi damina haɗari, don da rani ne hanya take bushewa, mahara su sami sukuni. Ga shi kuma duk rundunar da ta tashi daga Damagaram za ta Kano ko Gumel, ta ƙasarmu hanya ta bi. Ko ba da kai ake yaƙin ba, rumbunka ne zai ciyar da dawakin.

Sarki na ƙarshe kafin zuwan Nasara shi ne Amadu ɗan Tanimu, wanda ya hau a 1893. Kirarinsa Kuran Daga. Ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano. Hausawa sun ce kura ga tsoro ga ban tsoro, kuma ba raini ba ne in an ce shi ma yana da abin da ke hana shi barci. A shekarar da ya hau, Rabe ya ci Barno ya ƙone Kukawa. Sai ga wani hafsan Faransa, Kazamaju, ya iso Damagaram a 1898, yana kan hanyar zuwa wajen Rabe. Fada ta yi fargabar kada su haɗa kai. A watan Mayu aka kashe shi.

Bayan shekara guda Faransawa suka zo da ƙarfi. Rundunar Bule da Shanuwan ta taso daga yamma tana ƙone garuruwa. Abin da ta yi a Birnin Ƙonni a watan Mayu 1899 har yau ba a manta ba. Su biyun ba su iso nan ba. Sojojinsu ne suka harbe su a watan Yuli, kaburburansu suna Maijirgi a ƙasar Tasawa. Amma labarinsu ya riga su isowa, kuma labari ya fi doki gudu. A ƙarshen watan nan na Yuli sauran rundunar ta karya mayaƙan Damagaram a Tirmini, ta shiga birni. Kuran Daga ya fita, aka bi shi aka kashe shi a watan Satumba.

Zamanin Nasara

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: da mulkin Nasara ya zauna, hari ya mutu. Kasuwar bayi ta watse sannu a hankali. Mutane suka fita daga cikin kafi suka bazu a daji, kowa ya sari gona ya kafa gidansa. Yawancin ƙananan ƙauyukan da kake gani yau masu suna Gidan wane ko Garin wane, bayan wannan lokaci aka kafa su. Ganuwa ta zube ba wanda ya gyara.

Amma tsoro bai mutu ba. Riga ya sake. Kuma sabuwar rigar ta zo da sababbin kalmomi, waɗanda har yau suna bakinmu. Kwamandan. Bariki. Jandarma. Duwan. Lanho, wato haraji. Kaso, wato kurkuku, daga kalmar Faransanci mai nufin ɗan ɗakin duhu da ake kulle mutum. Ka lura, kalmomin da muka fara ara wurinsu, da yawa na kamu da biya da ɗauri ne.

Da can mahari yana zuwa sau ɗaya ya wuce, wata shekara ma ba ya zuwa. Shi kuwa lanho kowace shekara yana tafe, ko an yi amfanin gona ko ba a yi ba, kuma da kuɗin Nasara ake biya. A 1913 ruwa ya ƙi, a 1914 aka yi yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kashe mutane ba adadi a ƙasar Hausa duka. Ga aikin dole: a zo a ce gari kaza ya kawo mutum kaza, su tafi gyaran hanya ko ginin bariki ko ɗaukar kaya, ba lada. Ga ɗibar soja. Ga rumbun tsimi na tilas, inda ake sa kowa ya zuba hatsinsa, mabuɗi kuwa ba a hannunsa ba. Kuma akwai dokar da ta ba kwamandan ikon ɗaure talaka kwanaki ba tare da shari'a ba. Abin da ya fi ciwo, ba Nasara ne yake zuwa ƙofar gidanka ba. Mai gari ne da dogari da gardi, mutanen da ka sani, su ma an tsorata su daga sama. Tsoro yana gangarowa kamar ruwan indararo, wanda ke ƙasa shi yake jiƙewa.

A nan kakanninmu suka sami wata dabara da mutanen can arewa ba su da ita. Daga 1906 zuwa 1908, hafsoshin Faransa da na Ingila suka bi daji suna kafa alamun iyaka, tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi. A yankinmu ƙarafa suka kakkafa, irin na wayar tangaraho, shi ya sa mutanen bakin iyaka suke kiran alamar tangaraho. Yekuwa ta faɗo hannun Faransa. Ƴardaje, wadda take ƴar'uwarta ta jini, ta faɗa hannun Ingila. Iyakar ta raba dangi, amma ta zama mafaka. In an ji masu ɗibar soja ko masu neman ƴan aikin dole suna tafe, samari su sulale da dare su ƙetare tangaraho. Wani lokaci gida guda ya tashi ɗungurungum. Garuruwa da yawa a ƙasar Daura da Kazaure da Gumel sun ƙaru da mutanenmu ta wannan hanya. Ba wai can aljanna ba ce, su ma suna biyan haraji da jangali. Amma nauyin bai kai na nan ba.

An ce matsoraci ba ya zama gwani. Ni dai ban yarda a kira waɗannan mutane matsorata ba. Wanda ba shi da bindiga, ba shi da mai jin kukansa, ƙafarsa ita ce makaminsa. Kuma gudun ya yi aiki, don kwamandan da mutanensa suka watse ba shi da wanda zai karɓi lanho a hannunsa, dole wani lokaci ya sassauta.

A 1946 aka soke aikin dole a ƙasashen da Faransa take mulka, aka kuma soke dokar ɗauri ba shari'a. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shekaru bayan haka, in mota ta tsaya a bakin gari, mata su kwashe yara su shige ɗaki. Da masu lamba suka bazu daga 1967 don kashe agana, a wurare da yawa sai da aka sha fama kafin a fito da yara. Ba a ga laifin mutane ba: ba su taɓa ganin wani ya zo daga bariki da takarda a hannu ya kawo alheri ba. Lambar kuwa ta yi aiki. A 1980 aka bayyana cewa agana ta ƙare a duniya duka, kuma yaran yau ko sunanta ba su sani ba.

Kalmar da ta zama abin tsoro

Kishiyoyin tsoro su ma suna da yawa: aminci, kwanciyar hankali, natsuwa, lafiya. Akwai kuma sawaba, wato sauƙi bayan wuya. Ita wannan tana da nata labari.

Jam'iyyar Jibo Bakari ta ɗauki wannan kalma ta zama sunanta, alamarta raƙumi. Tana da magoya baya da yawa a jihar Damagaram, musamman cikin talakawa da ƴan kasuwa da direbobi. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 ta ce a'a ga zama ƙarƙashin Faransa, ta sha kaye. A 1959 aka haramta ta. A 1964, bayan samun mulkin kai, wasu ƴaƴanta suka shigo da makamai ta kan iyaka don su kifar da gwamnatin Diori Hamani. Abin bai yi nasara ba. Aka yi ta kame, aka harbe wasu a bainar jama'a, wasu suka mutu a kaso. Garuruwan bakin iyaka suka shiga ɗar-ɗar, don duk baƙon da ya kwana gidanka ana iya tambayarka ko wane ne. Maƙwabci ya riƙa shakkar maƙwabci, shakka ta Larabci da ta Hausa gaba ɗaya. Kalmar da take nufin sauƙi ta zama kalmar da ba a faɗa da ƙarfi a kasuwa. Aka koma yi mata abin da kakata take yi wa maciji.

Sojoji suka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, ƙarƙashin Saini Kunce, a tsakiyar babban fari. Tsofaffi da yawa suna yabon zamaninsa, suna cewa ɓarawon gwamnati ya ji tsoro, kuma an raba hatsi. Su ɗin dai za su gaya maka a lokacin ba a hirar siyasa a gindin bishiya, don bango yana da kunne.

Fargabar da ta fi daɗewa

Mahara sun wuce, kwamandan ya wuce, amma akwai fargaba ɗaya da ta riga su zuwa kuma ba ta tafi ba, ita ce ta ciki. Ƙasar Magariya ita ce uwar gyaɗa a Nijar. Da kuɗin gyaɗa ake biyan lanho, a yi aure, a sayi tufa. Fari na 1973 ya raunana ta, cutar da ta auka mata a 1975 ta ƙarasa ta, kuma ba ta sake komawa yadda take ba. Mutane suka koma ga wake da riɗi da rake da ci-rani.

Sai 1984. Ruwa ya ƙi, kuma a watan Afrilu na shekarar gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Dubi yadda abu ya juya. Tangarahon da kakanni suke ƙetarewa su tsira, shi ne ya tsaya tsakanin jikoki da hatsin Kano. An sake rufe ta a watan Agusta 2019 har zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2011, amma takarda ba ta canza inda kasuwa take ba. Mutumin Dogo-Dogo ko Malawa da ke da akuyar sayarwa, Maigatari yake dubawa. Na Dan Ciyawo da Magariya kuwa Ɓaɓura. Duk ranar da rediyo ya ce an rufe iyaka, kafin la'asar mai awo ya ƙara wa tiya kuɗi, kuma a daren nan maigida zai shiga rumbu da fitila ya ƙirga dammunan da suka rage.